Sandar sarki da ƴan sandansa: jandarmomin Sildabiya a littafin Hergé

Ƙasar Sildabiya ba ta cikin taswirar da ke rataye a bangon aji. Georges Remi, mai zanen nan na ƙasar Beljiyam da duniya ta fi sani da Hergé, shi ya ƙage ta, ya ba ta sarki da tuta da harshe da tarihi, ya dasa ta tsakanin duwatsun yankin Balkan, kana ya aika Tintin da karensa Milou su cece ta. Labarin ya fara fitowa mako-mako a Le Petit Vingtième, shafukan yara na jaridar Le Vingtième Siècle ta birnin Buruksel, daga watan Agusta na 1938 zuwa Agusta na 1939, sannan kamfanin Casterman ya buga shi littafi guda da sunan Le Sceptre d'Ottokar. Wanda ake samu a ɗakunan karatu shi ne bugun 1947, mai launi, mai shafi 62, wanda Edgar P. Jacobs ya taimaka wajen sake zana tufafi da gine-ginensa.

Ƙashin bayan labarin gajere ne. Al'adar masarautar ta ce kowace shekara, ranar bikin waliyyinsu Wladimir, sarki zai fito wa jama'a riƙe da sandar kakansa Ottokar. In ya fito hannu wofi, sai murabus. Wata ƙungiya mai suna Dakarun Ƙarfe, ƙarƙashin wani Müsstler, ta ƙulla da maƙwabciyar ƙasa Borduriya a sace sandar kafin ranar, a tilasta wa Sarki Muskar na goma sha biyu ya sauka, sojan Borduriya su shigo da sunan kawo ɗauki. Tintin ya ji ƙishin-ƙishin ɗin makircin tun yana Buruksel, ya bi wani masanin hatimai, Farfesa Halambique, zuwa ƙasar don ya gargaɗi sarki.

A Faransanci kalmar sceptre da kalmar gendarme ba su haɗa dangi ba. A Hausa kuwa uwa ɗaya ta haife su: ga sandar sarki, ga ɗan sanda. Wannan gamon katar na harshe yana buɗe wa mai karatu Bahaushe wata ƙofa ta littafin da ake yawan wucewa ba a leƙa ba. Sunan littafin na sandar ne, yara kuma ita suke bi da ido har shafin ƙarshe, amma tsakiyarsa gaba ɗaya labarin ƴan sandar ne, wato jandarmomin karkara da masu gadin fada da masu tsaron gidan kaso, duk waɗanda masarautar ta ɗora wa aikin kama mai laifi da farauto wanda ya tsere. Abin da Hergé ya zana game da su shi ne mafi nauyin abin da ke cikin littafin, kuma a nan ne ya fi ganin gaskiya, a nan ne kuma ya tsaya rabin hanya.

Tintin ya shiga Sildabiya ta sama, bayan matuƙin jirgin ya buɗe wata ƙofa a ƙarƙashin kujerarsa ya zubar da shi. Allah ya yi masa gyaɗar dogo ya faɗa kan tarin ciyawa. Abu na farko da ya yi shi ne abin da ake koya wa kowane ɗan makaranta: ya nufi ofishin jandarma ya faɗi abin da ya sani. Kwamandan wurin, Wizskizsek, ya karɓe shi da fara'a, ya saurare shi har ƙarshe, ya yaba masa, ya sallame shi ya hau keken dokin wani baƙauye zuwa Klow, babban birni. Yaron bai yi nisa ba kwamandan ya ɗauki tarho ya sanar da maƙarƙashiyan hanyar da ya bi. Babu zagi, babu mari, babu ko ɗaure fuska. Mai karatu da ya saba ganin mugun ɗan sanda a matsayin mai tsawa da kulki zai tarar da wani iri a nan, mai ladabi, wanda makaminsa kawai shi ne ya san inda mutum ya dosa.

Kwanton ɓaunar farko ta ci tura, don Tintin ya riga ya sauka daga keken ya shiga motar mawaƙiya Bianca Castafiore, wadda a wannan littafin ta fara bayyana, mai keken kuma in-ina gare shi, kafin ya gama gaya wa ƴan fashin inda yaron ya yi an makara. Da ƴan fashi suka kasa, sai aka miƙa aikin ga hukuma, ita kuwa ba ta kasa ba. A garin Zlip jandarmomi suka tare shi, suka nemi takardunsa, suka ce ba su cika ba, suka kulle shi. Jandarman da ya dafa kafaɗarsa ba lalle ne ya san da wani makirci ba. An ba shi suna da kamanni da umarni, ya cika aikinsa kamar yadda aka horar da shi, har ma ana iya cewa ya cancanci yabo. Duk cikin littafin ba a ga jami'in Sildabiya ko ɗaya da ya tsaya ya tambayi wanda ya ba da umarnin kamu, ko ya nemi ganin takarda mai sa hannun alƙali. Umarni yana tafiya ta wayar tarho daga babba zuwa ƙarami, kuma wayar ba ta bambanta muryar mai amana da ta maci amana.

Sai kuma shafukan da ya kamata malami ya dakata a kansu. Tintin na cikin kaso aka shigo masa da ƴar takarda daga wani mai kiran kansa aboki, tana cewa gobe za a kai shi Klow a mota, motar za ta yi kamar ta lalace a hanya, ya yi amfani da damar ya ruga. Haka aka yi. Motar ta tsaya, masu rakiya suka yi kamar hankalinsu na kan inji, ya zura da gudu, bindigogi suka tashi. Tarko ne: hukumar da aikinta farautar wanda ya tsere ita ce ta shirya tserewar, don ta sami hujjar harbi. Yaro mai shekara goma zai yi dariyar yadda Tintin ya gangara cikin duwatsu ya sha da ƙyar. Babba da ya san tarihi ba zai yi dariya sosai ba. A daren 29 zuwa 30 ga Nuwamba na 1938, labarin yana tsakiyar fitowa a jarida, jandarmomin Sarki Carol na biyu na ƙasar Romaniya suka kashe Corneliu Codreanu, shugaban ƙungiyar ƴan fashist ta ƙasar, shi da mutanensa 13, a hanyar sauya masu gidan kaso, gwamnati ta ba da sanarwar cewa sun yi yunƙurin gudu ne. A 1957 sojan Faransa suka ce Maurice Audin, matashin malamin lissafi na birnin Aljiyas, ya diro daga motar da ke ɗauke da shi ya ɓace. Sai a 2018 shugaban Faransa ya amsa cewa a hannun sojan ya mutu. A watan Fabrairu na 1961 mahukuntan Katanga suka ce Patrice Lumumba ya tsere daga inda ake tsare da shi, ƙauyawa suka kashe shi, alhali tun 17 ga Janairu aka harbe shi, da jami'an Beljiyam a wurin. Ƙarya ɗaya ce ake ta sake wa riga. Misalin Romaniya kuwa yana da wani ɗaci na daban, domin a can dakarun sarki ne suka yi wa ƴan fashist abin da a littafin ƴan fashist suka so yi wa abokin sarki. Dabarar ba ta da jam'iyya, ta wanda ke riƙe da mabuɗin kaso ce.

A fada ma haka zancen yake, sai dai rigunan sun fi kyau. Kanar Boris, dogarin jikin sarki, shi ke tsaye tsakanin Muskar da duk mai son ganinsa. Ya ba Tintin lokacin dawowa da dare, ya girke masa mutane a lambu. Da yaron ya kuɓuce ya afka ɗakin da ake shagali, masu gadi suka danne shi a gaban sarki, Boris ya ce wani ɗan tayar da zaune tsaye ne, sarki ya yarda. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kamu na biyu ke nan, kuma wannan karon ma ba a kai ga shari'a ba: motar fursuna ta yi haɗari, Tintin ya sulale daga asibiti, ya faɗa gaban wata mota da ta zamana sarki ne da kansa ke tuƙa ta. Da haɗarin mota biyu gaskiya ta isa kunnen mai ƙasa. Ta hanyar hukuma ba ta taɓa isa ba, kuma Hergé bai bar wata alama da ke nuna za ta isa ba ko da an shekara.

Wanda ya tashi a ƙasar da ta san sarauta zai lura da wani gurbi nan da nan. A tsarin da Hausawa suka gada, dogari ya kamo, alƙali ya yanke, yari ya tsare, kuma ko da an sha karya wannan tsari, kowa ya san cewa kujeru uku ne. A Sildabiya akwai mai kamu, akwai mai tsaro, kujerar tsakiya ce babu kowa a kanta. Hergé ya ɓata shafi uku cur yana zana wata takardar tallar yawon buɗe ido da Tintin ke karantawa a jirgi, mai bayanin ma'adinai da ruwan magani da yaƙe-yaƙen ƙasar da jerin sarakunanta. Ya zana hasumiyoyin masallatai a ƙauyukanta, abin da ɗalibai kan yi mamakin gani a tsakiyar Turai har sai an ba su labarin zaman Turkawa a Balkan. Ya zana kowane maɓalli na rigar masu gadin gidan taska. Ɗakin shari'a ne kaɗai bai zana ba.

Ba a rasa dalili ba. Hergé yana kallon labaran zamaninsa ne yana zane. Sunan Müsstler haɗin Mussolini da Hitler ne, kuma shi kansa littafin labarin haɗiye ƙasa ne irin wanda Jamus ta yi wa Ostiriya a watan Maris na 1938, sai dai a nan bai yi nasara ba. Wata guda kafin sojan Jamus su tsallaka iyaka, Hitler ya tilasta wa shugaban gwamnatin Ostiriya, Schuschnigg, ya naɗa Arthur Seyss-Inquart ministan cikin gida, wato ya damƙa masa ƴan sandan ƙasar. Da ɗan gari akan ci gari. Kafin labarin ya ƙare a jarida, a watan Afrilu na 1939, Italiya ta mamaye Albaniya, Sarki Zog ya gudu. Saboda haka takardun da Tintin ya samu a aljihun ɓarawon sanda, masu tsara yadda za a kame gidan rediyo da sauran manyan wurare na Klow a sa'a ɗaya, ba wasan yara ba ne ga iyayen da ke karanta wa ƴaƴansu jaridar a Buruksel. Ƙasarsu ma ƙaramar masarauta ce mai babbar maƙwabciya, kuma ranar 10 ga Mayu na 1940 abin ya zo kansu.

Har zuwa nan littafin ya yi abin a yaba. Raunin yana farawa daga lokacin da aka sace sandar, wato daidai lokacin da ƙasar ta sami mai laifi na gaske da ya kamata a farauto. A nan hukumar da ta iya bin sawun yaro ɗaya daga ƙauye zuwa ƙauye ta zama kamar ba ta nan. Mutum biyu da aka kama a ɗakin taska, Halambique na bogi da mai ɗaukar hoton fada, sun fice daga gidan kaso tare da masu tsaronsu. Binciken ya koma hannun Dupond da Dupont, baƙi biyu da aka ɗauko daga waje, waɗanda ba su iya tsallake ɗaki ba tare da sun zame ba. Tintin ne ya gane, bayan ya ga wata ƴar igwar wasa a tagar kanti, cewa da wani ƙarfe mai naɗi da aka ɓoye cikin na'urar hoto aka harba sandar ta tsakanin ƙarafan taga zuwa dajin da ke hayin kogi. Da aka zo bin ɓarayi zuwa iyaka, ayarin farauta shi ne sarki a motarsa, da wawaye biyu, da yaro baƙo, da kare. Sarki ya koma gida, yaron ya ƙarasa da ƙafa ya cafke na ƙarshe taku kaɗan kafin iyaka. A hanyar dawowa, cikin jirgin yaƙin Borduriya da ya sato, igwar Sildabiya ta harbo shi, wannan karon da hujja. Sandar ma ta faɗi daga aljihunsa bai sani ba, Milou ne ya kawo ta fada a baki, bayan ya yi ta wasiwasi tsakaninta da wani ƙashi.

Abin dariya ne, kuma an tsara shi da gwaninta. Shafin Milou da ƙashi yana cikin mafi kyawun abin da Hergé ya zana. Amma ƙasa ce guda ba a sami ɗanta ko ɗaya, mai kaki ko marar kaki, da ya yi wani abu da ra'ayin kansa don ceton ta ba. Talakanta sun fito ne don a yi dariyar in-inarsu da gashin bakinsu, jami'anta ko maciya amana ko masu bin umarni. Mai karatun Afirka da ya san Tintin au Congo na 1931 zai gane wannan kallon, ko da yake a nan an sassauta shi ƙwarai: ƙasa mai kyau, mutane masu kirki, sai dai ceto daga waje yake zuwa. Malamin da ya kawo littafin aji ya yi shiru a kan wannan ya rage wa ɗalibansa rabin darasi.

Babban raunin kuwa yana shafukan ƙarshe. An mayar da sanda, sarki ya fito, an ba Tintin lambar girma ta masarautar. Daga nan wani minista ya zaunar da shi ya gaya masa cewa an kama Müsstler da mutanensa, an gano farfesan gaskiya a tsare a Buruksel, ɗan'uwansa tagwai ne ya shigo da rigarsa, sojan Borduriya sun ja da baya. Wa ya yi kamun? Waɗancan jandarmomin ne dai, da waccan wayar tarhon, da wancan gidan kason da fursuna ke fita tare da masu gadi. Muryar da ke ba da umarni ce kawai ta sauya. Littafin ya nemi mai karatu ya kwantar da hankalinsa saboda sarki mutumin kirki ne, kuma Muskar mutumin kirki ne ƙwarai, tun da ya gwammace ya sauka da a zubar da jini dominsa. Sai dai shafuka ashirin da suka gabata sun riga sun nuna cewa kirkin sarki bai hana a kulle marar laifi a gaban idonsa ba. Hergé ya gano ciwon, ya kwatanta shi dalla-dalla, sannan ya rubuta magani na wani ciwon daban. A ganinsa matsalar ita ce miyagu sun shiga cikin hukuma. Abin da zanensa ya nuna shi ne hukumar ba ta da inda za ta tsaya ta tambayi kanta, ko wa ke riƙe da ita.

Rayuwa ta koya masa abin da littafin ya tsallake. Lokacin mamayar Jamus ya ci gaba da buga Tintin a jaridar Le Soir, wadda ke ƙarƙashin ikon ƴan mamaya. Da aka ƴantar da Buruksel a watan Satumba na 1944 aka kama shi har sau huɗu, kowane karo wata hukuma ko ƙungiya daban, ya kwana ɗaya a kulle, aka hana shi aikin jarida. Abin da ya fitar da shi shi ne akwai fayil, akwai mai gabatar da ƙara na kotun soja da ya duba fayil ɗin, ya rufe shi a watan Disamba na 1945. Ana iya jayayya a kan ko hukuncin ya yi daidai, kuma an yi ta yi har bayan mutuwarsa a 1983, amma dai an sami wanda ya zauna ya duba. Ya sake zana littafin don bugun 1947. Ya gyara rigunan masu gadi, ya sake wa jirgin Borduriya siffa, ya sa hotonsa da na Jacobs cikin manyan baƙin fada. Bai ƙara alƙali ba.

Ya sake komawa Sildabiya a Objectif Lune, wanda ya fito littafi a 1953, kuma abin da ƙasar ta zama ya fi kowane sharhi bayyana inda labarin farko ya dosa. Sarki ba ya fitowa ko sau ɗaya, sanda ma ba a ambatonta. Abin da ke tarbar Tintin da Kyaftin Haddock tun daga filin jirgi shi ne mutanen wata hukumar ƴan sandan ciki mai suna Zepo, da shinge bayan shinge, da neman takardu a kowace kwana har zuwa cibiyar binciken nukiliya da ke cikin duwatsu. Duk da wannan tsaron, maci amanar yana ciki, injiniya Wolff, na hannun daman Farfesa Tournesol. A L'Affaire Tournesol na 1956 kuwa jami'an asirin Sildabiya suna rige-rigen sace farfesan da takwarorinsu na Borduriya a gaɓar tafkin Janeba, har mai karatu ya kasa bambance na wace ƙasa ne ke cikin wace mota.

Kanar Boris ma ya dawo. Ba a faɗi yadda aka yi ya kuɓuta ba, ba a ce an taɓa gurfanar da shi ba. Yanzu sunansa Jorgen, yana yi wa wata ƙasar waje aiki, kuma a On a marché sur la Lune na 1954 an same shi ɓoye cikin kumbon da ya tashi daga ƙasar da ya ci amana, bayan ya wuce duk shingayen Zepo a cikin akwatin kaya. A hanyar dawowa daga wata suka yi kokawa da Wolff a kan bindiga, ta tashi ta same shi, aka jefa gawarsa sararin samaniya.